Mutum Goma Sha Huɗu a Gidan Ƙungiya

Si Munsif bai taɓa taka gidan ba sai ranar Talatar nan, alhali shekara shida ke nan sunansa na cikin takardun ƙungiyar a matsayin mataimakin shugaba. Aron sunan ya bayar. Haka ake yi a Safakis ta ƙasar Tunisiya: in za a yi wa ƙungiya rajista, sai a nemo dattijo mai mutunci ya sa hannu yana kurɓar shayi, ya koma harkarsa. Shi harkarsa kantin magani, kuma Jalila ce ta roƙe shi, ƙanwar matarsa, shugabar ƙungiyar.

Yanzu Jalila ta yi mako uku a tsare, ana tuhumarta da ba baƙin haure masauki. Ranar da aka kama ta an tafi da baƙin da aka tarar, an kwashe duk wata takarda da ke cikin gidan, har da ta wutar lantarki.

Lauya Anis bai yi masa kwana-kwana ba. "Si Munsif, shugaba na tsare, kaya ya dawo kan mataimaki. An ce gidan ya sake cika. In 'yan sanda suka koma suka tarar da ko mutum ɗaya marar takarda, kai ne mai masauki. In kuwa kai ka kira su, shaida ne kai."

"Ni da ban san ko launin ƙofar gidan ba?"

"Alƙali ba ƙofa zai nuna maka ba, sa hannunka zai nuna maka."

Shekarunsa sittin da bakwai, ga ciwon sukari, ga shi ya ga yadda mako uku ya mai da Jalila. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa jama'a rigakafi ya fi magani, ba sai an maimaita masa ba. Tsoro ne ya tuƙa motarsa zuwa unguwar.

Ya tarar da unguwar wayam. Lokacin tsinkar zaitun ne, kowa ya kulle gida ya tafi gona da iyalinsa. Ƙofar ƙungiya kaɗai ce a buɗe, don tun da 'yan sanda suka ɓalle ta ba a gyara ba. A ciki ya ƙirga mutum goma sha uku, 'yan Gini da 'yan Kodebuwa, duk sababbin zuwa, waɗanda sanyi ya koro daga kwanan gonaki.

Ta goma sha huɗu tana ɗakin tsakar gida, kwance cikin bargon ulu. Tsohuwa ce baƙa wuluk, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. Wata mata mai suna Fanta na ba ta kunun bsisa da cokali.

"Uwarki ce?" ya tambaya da Faransanci.

"A'a, Baba. Nan muka same ta. Matan maƙwabta ke kawo mata abinci, da suka tafi gona sai na karɓa."

Ya gyaɗa kai kawai. Ya sha jin cewa in an zo kame, waɗannan mutanen ɗa ma musun uwarsa yake yi. Ya tambayi tsohuwar takardunta da Faransanci, ta zuba masa ido. Ta kama hannun rigarsa da hannunta mai lafiya, ta yi ta ƙoƙarin fitar da magana, amma ban da gurnani babu abin da ya fito. A haɓarta akwai wani tsohon zane kore, ya ɗauka tsagen ƙabilarsu ne can ƙasarsu. A kan taga ga maganin hawan jini kwali uku, irin mai tsadar nan. Ya ce a ransa, Jalila dai ba ta san tsimi ba.

Ya zare rigarsa a hankali, ya fita waje ya buga wa 'yan sanda waya.

Bas ta iso bayan azahar. Jami'in bai tambayi sunan kowa ba, kawuna ya ƙirga ya rubuta goma sha huɗu. Mutum biyu suka ɗauko tsohuwar cikin bargonta. Fanta ta tsaya a bakin bas ta ce, "Ku bar wannan, don Allah. Ba za ta kai ba." Kowa a wurin ya san inda bas ɗin nan ke sauke mutane: can bakin iyaka, cikin rairayi, babu rijiya babu inuwa.

Si Munsif ya koma da sauri ya ɗauko maganin ya danƙa wa Fanta. Abin kunya shi ne har ya ji a ransa ya yi alheri.

Ranar Juma'a lauya ya kira shi da murya mai daɗi. An ɗauke shi shaida. Abu ɗaya ya rage a rufe batun: bayanin mai gidan, wadda ta ba ƙungiya wurin kyauta, wata Mbarka bint Sa'ad. Si Munsif ya zana ta a ransa, gwauruwar wani attajiri, tana can Tunis ko Faransa. Ya koma unguwar neman lambarta.

Ya yi sa'a Am Tahar mai kanti ya dawo daga gona da safiyar nan, yana ɗaga ƙyauren shagonsa, hannayensa baƙi ƙirin da zaitun. Suka gaisa, Si Munsif ya tambaye shi inda za a sami Hajja Mbarka.

Tsohon ya yi dariya. "Ina za ta, ita da sai an juya ta take juyawa? A gidan nan aka haife ta, ita da ubanta. Shiga kawai, ya Si, tana nan ɗakin tsakar gida, tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta taka ko ƙofa ba."