Tokar Bayan Rumbu

"Ka rantse da Alƙur'ani ka daina, Gambo! To wannan tokar ta bayan rumbu fa?"

Hajo ce ke faɗa, matar yayana Gambo. Har ta ɗaure kayanta, sai Kirikasamma gidan ubanta. Ta ce ba za ta zauna jiran takaba tana ji tana gani ba.

Tun da Turawa suka kai shi yaƙin Bama Yaya yake zuƙar lofe, shekara goma sha biyar. Da likita Bature ya auna ƙirjinsa, ya ce ko taba ko rai. Ranar ya miƙo min lofen: "Baƙo, jefa shi kogi."

Na ce wa Hajo, "Haba amaryarmu, a kan toka? Ko dai kifin garinku kike kwaɗayi?" Ba wanda ya yi dariya.

Yaya bai kare kansa ba. Sai da ta fita ya matso, ya shinshina rigata.

"Wata uku ina jin warin lofena a jikinka, ban zuƙa ko sau ɗaya ba. Je ka gaya mata gaskiya, kafin kwalekwalen da za ta shiga ya tashi."