Zomon Uwar Majemi

Ka ce ai da dabbarka kake faɗa ba da mutum ba, don haka kana iya sakin baki yadda ka ga dama. To gyara zama ka ji wani misali, in ka so ka ɗauka.

An yi wani majemi da yake zaune da mahaifiyarsa, tsohuwa wadda gwiwoyi suka soma ƙi mata. Abokin zamanta a ɗaki wani farin zomo ne da ta raina tun yana ɗan mitsitsi. Ta koya masa tsabta kamar yadda ake koya wa yaro. Akwai wani kasko a lungun bayan ƙofa da take zuba wa toka da ƙaiƙayi, nan yake zuwa ya yi fitsarinsa da kashinsa, da safe ta zubar ta sake sabuwar toka. Shekara da shekaru ba a taɓa ganin ɗigo a tabarma ba, har maƙwabta kan yi mata ba'a su ce zomon nan ya fi 'ya'yan wasu tarbiyya. Ana nan, sai tsufa ya zo masa shi ma. Ƙafafunsa na baya suka sage. Sai ya ja jiki har bakin kaskon, ya ɗora ƙafafun gaba, ya kasa haurawa, ya saki abin a nan gefe. Ɗaki ya fara zarni.

Ka ji ikon Allah. Mutumin da yake wuni tsamo-tsamo cikin ruwan jima, wanda in ya ratsa kasuwa sai an toshe hanci, shi ne zarnin zomo ya hana sakat. Tsohuwa ta roƙe shi a hankali ya fasa mata bakin kaskon ta gefe ɗaya don ya yi ƙasa-ƙasa. Ya ce a'a, wanda ya san hanya jiya bai manta ta yau ba, shagwaɓa ce kawai ta yi wa zomon yawa. Ya riƙa kama shi ta kunne yana goga masa hanci a wurin da ya jiƙa. Abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wata rana ya shigo gaishe ta, ya taka danshi, ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ce, "Duk abin da ya kai ga ba ya iya riƙe fitsarinsa, ai zamansa cikin mutane ya ƙare. Wahala ce kawai ga masu shara." Ya ɗauki zomon ya fita ya yanka. Don ma ya nuna shi ɗan kirki ne, ya jeme fatar ta yi laushi, ya kawo mata wai ta riƙa ɗora ƙafa.

Abin da bai sani ba, zarnin ɗakin nan ba na zomo kaɗai ba ne. Ita ma tsohuwar abin ya soma kufce mata kafin gwiwoyinta su kai ta bayan gida. Tana wanke zanenta a ɓoye, ta shanya a ƙuryar ɗaki. Kunya ta hana ta faɗa wa ɗanta, ta kuma hana ta barin surukarta, matar majemin, ta gani. Ana wulaƙanta zomo tana kallo, abin yana cin ta a rai. Yanzu ga shi babu wanda za a ɗora wa laifi, ga kuma hukuncin da ta ji daga bakin wanda ta yi wa tsarki da hannunta, wanda ta goya ya jiƙa mata baya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai ta yi abin da ta ga zai rufa mata asiri, ta janye daga shan ruwa. In an kawo kunu ta ce tana azumin nafila. In rana ta faɗi ta kurɓi abin da zai jiƙa harshe, ta ture sauran. Ga shi kuwa tsakiyar bazara ce, randa ma ba ta wuni da sanyi. Majemi ya ji daɗi, yana faɗa wa abokan sana'arsa ɗakin Inna ya yi fes, da ma shi ya san zomon ne. Ni dai ban taɓa jin wautar da ta ba ni haushi kamar wannan ba.

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa, surukarta ta shiga neman abin da za ta lulluɓa mata, ta ci karo da zannuwan da tsohuwa ta ɓoye, waɗanda ƙarfinta ya ƙare ba ta wanke ba. Ta faɗa wa mijinta, nan take ya gane komai. Ya ɗebo ruwa a moɗa, ya durƙusa gabanta yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce, "Inna, don Allah ki sha. Wallahi da zomo nake." Ta daɗe tana kallonsa, leɓunanta duk sun tsage, sannan ta ce, "Na sani, da shi kake. Shi ma ai ba da gangan yake yi ba." Ta juya fuska wajen bango.

Ya yi rantsuwa shi zai riƙa wanke mata kaya da hannunsa. Ya kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, aka dawo da ita gida. Amma duk lokacin da ya miƙa mata moɗa, sai ta kurɓa kaɗan don kada ya ji kunya, ta ajiye. Ba ta ga damina ba. Ya ba da haƙuri har bakinsa ya gaji, ta kuma ce ta yafe, sai dai abin da kunnenta ya ji bai fita ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.