A Gidan Wa Ya Ci Sallah?

Junaidu ya baro Zazzau ne don ya karanci fiƙihu a wurin Malam Attahiru na Illela, zamanin da daular Sakkwato ke riƙe da ƙasa. Saurayi ne mai kunya, ba ya shiga gidan da ba a kira shi ba. Karatu na tafiya daidai har Babbar Sallah ta gabato, ta farko da zai yi ba a gaban iyayensa ba.

A gidansu shi ke danne ragon layya in mahaifinsa zai yanka. Tun kafin a gama fiɗa ake gasa hanta, a zauna kan tabarma ɗaya, mahaifiyarsa na gutsura wa kowa a tafin hannu. Tun da wata ya kama, abin da ke masa yawo a rai ke nan.

Ranar jajibere ɗalibai suka naɗe buzayensu, kowa ya nufi ƙauyensu. Isa, abokin karatunsa ɗan Amarawa, ya tsaya a bakin ɗaki riƙe da sanda.

"Kai hwa, ina za ka yin Sallah?"

"Inda Allah ya ajiye ni," in ji Junaidu.

"Ai Malam ba shi barin ka haka nan," Isa ya ce, ya kama hanya.

Malam kuwa ya hango su tare, sai ya ɗauka Isa ya zo tafiya da shi ne. Bai tambaya ba.

Da aka sauko daga idi, hayaƙin nama ya tashi daga kowane gida. Junaidu ya je zauren Malam ya yi sallama. Ƙarar daka da hayaniyar masu fiɗa suka danne muryarsa. Ya tsaya, ya tsaya, kunya ta hana shi maimaitawa. Wani maƙwabci ya wuce da cinyar rago a kafaɗa, ya ce masa barka da Sallah, ya shige gida.

A bakin rijiya ya ji wani mai shayar da jakuna na cewa fataken Zazzau sun sauka a zangon Birnin Ƙonni. Nan take ya yanke shawarar zuwa wurinsu. Tafiyar ba nisa gare ta ba, a lissafinsa kafin la'asar zai isa.

Tsoho Ma'aruf mai tsaron ƙofar gari ya tare shi.

"Yaro, mi za ka yi waje yau? An ga sawun mahara cikin sabara. Ko masu itace ba su hita su kaɗai."

"Baba, 'yan garinmu ne a zango. So nake in ji muryar gida, in sa hannu a akushi ɗaya da wani."

Tsohon ya girgiza kai ya ba shi hanya. Ga akushin nama a rufe kusa da ƙafarsa, amma bai zo masa a rai ya ce zauna mu ci ba.

Bayan la'asar, Inna Shafa'atu, matar Malam, tana rabon nama sai ta ɗaga kai.

"Malam, na Bazazzagin nan hwa? Ban ga an zo ɗauka ba."

"Shina Amarawa wurin Isa."

Bai rufe baki ba sai ga sallamar Isa, ya zo gaisuwar Sallah, shi kaɗai. Malam ya fito zaure ya dubi bayan Isa.

"Ina Junaidu?"

"Allah gafarta Malam, ba nan gidan yay yi Sallah ba?"

Malam ya fita ko takalmi bai sa ba. Ɗakin ɗalibai wayam, murhu ba ko toka mai ɗumi. Suka bi gida gida, kowa ya ce ya gan shi, ba wanda ya ce ya kira shi. Da suka iso ƙofar gari, Tsoho Ma'aruf ya nuna hanyar Ƙonni.

Maza suka ɗauki kwari da baka suka bazama. A wani kwari mai duhun sabara suka tarar da hularsa a ƙasa, takalmi ɗaya, da guntun igiya. Ƙasa duk ta tumurmushe da sawun dawaki. Suka bi sawun har ya hau kan duwatsu ya ɓace. Aka aika zango, fatake suka ce ba wanda ya iso musu.

Malam Attahiru ya aika cigiya kasuwa kasuwa, har inda ake fansar kamammu. Ba a ƙara jin ɗuriyar Junaidu ba.

Da rani ya zagayo, wani dattijo ya sauka daga ayari, ya yi sallama a zauren Malam. Mahaifin Junaidu ne, ɗauke da sabuwar riga da uwar ta aiko wa ɗanta. Ya saurari labarin har ƙarshe bai katse kowa ba. Sannan ya ɗago ido ya dubi mutanen da suka cika zauren.

"Na ji ƙaddara, na karɓa. Abu ɗaya uwarsa za ta tambaye ni. Ranar, a gidan wa ya ci Sallah?"



Mai karatu, baƙon da ya baro gida don neman ilimi amana ne a hannun gari duka. Ranar Sallah kada ka ce ai wani ya kira shi. Tashi ka je da ƙafarka, ka kamo hannunsa zuwa tabarmarka.