Kasuwar Masu Ɗingishi

Kwana arba'in Ayotl ya yi a hanya daga garinsu Tlatelolko, ɗauke da wuƙaƙen baƙin dutse, kafin ya isa garin kan tudu inda ake samun gashin tsuntsu mai sheƙi. Garin abokan gaba ne. Duk ɗan Tlatelolko da aka gane a can, ko gawarsa ba ta komawa gida. Don haka ya yi abin da fataken garinsu suka saba: ya yi aski irin na mutanen tudu, ya dambare fuska da jar ƙasa, ya kama bakinsa, don ko gaisuwa bai iya da yarensu ba.

A kasuwa ya zaɓi wani dattijo mai tumbi ya riƙa kwaikwayonsa. Dattijon ya ɗingisa, Ayotl ya ɗingisa. Da ya waiga ya ga rabin kasuwa na ɗingishi, sai hankalinsa ya kwanta, ya ce lallai al'adar gari ce.

Ciniki ne dai ya ƙi. Na damansa wuƙaƙe ya baza, na hagunsa ma haka. Kowa ya zo sai ya yi gurnani, ya kaɗa hannuwa kamar fiffike, alamar gashin tsuntsu yake nema, ya wuce. Wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar masara ce kawai ke samun kasuwa, kullum tana ƙunshe dariya. Tsoro ya ishi Ayotl, gani yake kowa shi yake kallo ta wutsiyar ido.

A rana ta huɗu ruwa ya kece. Jar ƙasa ta fara zuba ta haɓarsa. Ya zube gaban dattijon, yaren gida ya kuɓuce masa.

"Baba, ka yi mini rai!"

Dattijon ya share tasa fuskar, wadda ita ma ruwa ya wanke tas. "Ayotl? Kai, shashasha! Ni surukinka kake ta bi kwana huɗu? Ƙaya fa na taka!"

Nan kasuwa ta kaure, wannan ya gane maƙwabcinsa, wancan ya gane ƙanin babansa. Ayotl ya juya wajen tsohuwar, wadda dariya ta kusa kayarwa.

"Iya, to ina mutanen garin?"

Ta share hawaye, ta amsa da yaren Tlatelolko tiryan-tiryan: "Ɗan nan, ai tun watan jiya suka kwashe gashin tsuntsun kaf, suka yi shiga irin taku, suka tafi Tlatelolko neman wuƙaƙe."