Filin Gindin Ɗorawa

Ranar da Kansila Rabi'u ya kafa turke a filin gindin ɗorawa, matan layin har guɗa suka rangaɗa. Soja sun koma bariki, farar hula sun karɓa, ga alkawarin farko zai cika. Unguwar Gano za ta samu rijiyar burtsatse, motar haƙa kuma ran Asabar za ta iso.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba. Baba Tanko, tsohon direban babbar mota, ya ce kada a haƙa sai an san abin da aka taɓa yi a filin, tunda ruwan nan yara ne za su sha. Aka ce adawa ce. Matarsa Iyatu ta ce ba wata adawa, halinsa ne. Shekara ashirin yana sayen ruwan garuwa alhali ga rijiya a maƙwabta, ko rama ta yafa a gefen filin sai ya tuge.

"Mutumin da na zuba wa tuwo a langar aurena ya tafi aiki ya dawo hannu biyu," in ji ta, "har yau bai tuna inda ya ajiye ta ba, shi ne zai tuno tarihin ƙasa?"

Maganar langar nan ta shekara ashirin da biyu tana dawowa. Tanko ya ɗauki lemarsa ya fita.

Litinin ya je wurin mai unguwa, aka ce masa gonar gero ce a da. Talata ya wuni a sakatariyar ƙaramar hukumar Tarauni, aka baje masa taswira, babu komai a kanta sai lambobin filaye. Laraba ya bi tsofaffin unguwar Gyaɗi-Gyaɗi zaure-zaure. Duk wanda ya fara masa labarin gero da dawa sai ya katse shi, ya tambaya ko ya taɓa ganin wata mota ta shiga wurin. Kowa ya ce bai gani ba, Tanko ya dawo gida haka nan.

Ran Alhamis ya dace. Inna Ladi, wadda ta yi kiwo a wurin kafin gidaje su cinye shi, ta tuna. Wata damina da rana tsaka, motar wani kamfanin maganin ƙwari da ya daɗe da rufewa ta sauke durom-durom, aka binne. Awakinta biyu sun mutu a makon. Ya tambaye ta ko ta ga direban, ta ce daga nesa take, fuska dai ba ta gani ba. Tanko ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya ɗauko mata tasi har gidan Kansila.

Kansila ya saurara, ya yi dariya. Fili ne mai faɗi, ya ce, kuma Inna ba ta san takamaiman wurin ba. In akwai abu, a nuna masa kafin Asabar.

Bayan sallar Juma'a unguwa ta taru. Tanko ya jingina da ɗorawar, ya taka zuwa gabas yana motsa baki kamar mai ƙirga taku, ya tsaya, ya ce wa leburori su sara nan. Ramin bai kai ƙirji ba diga ta daki ƙarfe. Wari ya taso, kowa ya toshe hanci ya ja baya. Durom shida ne, tsatsa ta huda biyu.

Nan take Kansila ya aika a kira duba-gari, ya ce a kewaye filin, rijiya kuma a kai ta can bayan makaranta. Masu cewa adawa ce su suka fara miƙa wa Tanko hannu. Har wani ya kawo shawara a sa wa rijiyar sunansa, Iyatu kuwa sai washe baki take, tana cewa ai dama ta san mijinta.

Ana cikin haka wani lebura ya cillo wani abu daga ramin, ya gangaro har gaban mata. Iyatu ta sa tsinke ta juya shi, ta kankare ƙasar gindinsa. Ɗigo uku na jan fenti suka bayyana, irin alamar da take yi wa kwanukanta don kada su ɓace a gidan biki.

Ta daɗe tana kallon langar, sannan ta matsa kusa da Tanko yadda ba mai ji.

"Malam," ta ce, "ashe ka san inda ka ajiye ta."