Azurfar Glenys

Ranar da muka fasa bangon kicin, abokinmu Des ne ke riƙe da guduma, ni kuma na rungume butar shayi don kada ƙura ta shiga. Kwana goma sha ɗaya ke nan da binne matata Glenys.

Shekara talatin ta yi tana tara azurfa. Ni tumaki na sani. Ita kuwa manyan sulalla, masu hoton tsuntsu da masu hoton dabbar koala, wasu kilo guda-guda, da wata uwarsu mai kilo goma wadda faɗinta ya kai faranti. Sai ta sa safar auduga take taɓa su. Ni ko da safar ba a yarda in taɓa ba. Takan ce, “Su za su riƙe mana gidan nan in mun tsufa.” Ga shi na tsufa, na sayar da tumakin, rufi yana yoyo, sulallan kuma ban san inda suke ba.

Shekarar da wutar daji ta zo, kwana uku na yi a bayan tsauni tare da 'yan sa-kai muna fama da ita. Na dawo na tarar gidanmu yana tsaye. Maƙwabcinmu Col bai yi wannan sa'ar ba. Rumbunsa, motar nomansa, kwalekwalensa na kamun kifi, har ɗakin karensa, duk babu. Glenys na zaune a baranda tana ta atishawa cikin wannan zafi, kabad ɗinta kuma wayam.

Na ce, “Ina kayan?”

Ta ce, “Sun nutse da kwalekwale.”

Mu da ko bahon kirki ba mu da shi, balle kwalekwale. Sai na je wurin Des, shugaban ƙungiyar su Glenys ta masu tara azurfa a garin Tumut. Ya yi dariya har ya ƙware.

“Kai Merv, ka daɗe da tumaki har ka fara tunani irin nasu. Ai haka kowa ke faɗa. Nawa sau biyu suna nutsewa. Na 'yar ƙungiyarmu Lorna ma sun nutse, ita da ke jin jiri in ta hau gada. Mai azurfa ba ya cewa yana da ita, don ɓarawo na ji, mai haraji na ji. Matarka ɓoye su ta yi, kuma ta iya.”

Na koma gida ina jin daɗi da na auri mai wayo. Daga nan duk lokacin da ta tayar da maganar, sai in kanne mata ido. Ta ce, “Merv, da gaske fa nake.” In ce, “Na sani, tsohuwa,” in kanne ɗayan. Daga baya ta daina. Ta shiga koyon iyo a gari duk Talata, tana da shekara sittin da bakwai. Likita ya ce zai taimaki gwiwarta.

A asibiti, ranar ƙarshe, ta kama hannuna ta ce, “Kwalekwalen.” Na ja labule, na sunkuya na ce, “Ba mai jin mu yanzu. Faɗa mini ainihin wurin.” Ta yi mini irin kallon da take yi wa ragon da ya cusa kansa a shinge ya kasa fitarwa, sannan ta rufe ido.

Da na ba da labarin a wurin jana'iza, 'yan ƙungiyar suka miƙe tsaye. Des yana share hawaye ya ce tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa yin mai riƙon asiri kamarta ba. Suka yi alkawari ba za su bar ni in rasa gidan ba.

Suka zo da guduma da na'urar gano ƙarfe. Da muka gama da bangon kicin muka ɗaga katakon daɓen ɗaki. Muka sauke bututun hayaƙin murhu, tubali bayan tubali. Na'urar ta gano mana takalman doki, cokali ɗaya, da murafun kwalba fiye da arba'in. Lorna ta ce mahaifinta a bututun ban-ɗaki ya ɓoye nasa, sai muka fasa shi. Ba zan faɗi abin da muka samu ba. Kullum da rana Col yakan jingina da shinge yana cin tuffa yana kallonmu. Wata rana ya ce, “Ku bar wa bawan Allah ƙofa ɗaya mana, ya samu abin rufewa.”

A wata na uku wani ma'aikacin hukuma ya zo da takarda, ya zagaya, ya ce ko kare bai kamata ya kwana a nan ba. Kuɗin gyara babu. Col ya saye komai, filin da tafkin shayar da tumaki da abin da ya rage na gidan. Takardar cinikin ta ce har da duk abin da ke sama da ƙarƙashi. Des ya karanta ya ce, “Sa hannu, abokina. Babu abin da ke ƙarƙashin ƙasar nan da ba mu gaisa da shi ba.”

Yanzu ɗaki ɗaya nake haya a saman wani kanti a Tumut. Makon jiya da safe, ina shafa wa burodi man shanu, Col ya kira ni. Ya ce rani ya yi tsanani, ya janye sauran ruwan tafkin don ya yi yashe.

Ya ce, “Merv, kana zaune?”

Na ce ina zaune.

“Ka tuna kwalekwalena da muka ɗauka wuta ta cinye? Ga shi nan a gindin tafkinka. Tafkina, nake nufi. Yana zaune daram a cikin laka, kuma mu shida mun kasa ɗaga shi saboda nauyin akwatunan da ke ciki.”