Matacin da Ya Kwana a Waje

Veturia ta zaro matacin ruwanta daga cikin rigar sanyi, inda ya kwana a jikinta cikin wata tsohuwar safa. Da ɗuminsa. Ciyawar bakin tantinta kuwa ta yi fari fat da ƙanƙara.

Shekararta sittin da uku. Tun da mijinta ya rasu, ita kaɗai take hawa duwatsun Retezat, kuma ta san ƙa'idar mataci kamar sunanta. In ruwa ya fara fita da ƙyar, a wanke shi ta baya da sirinji. A karkaɗe ruwan cikinsa. Kada ya faɗi ƙasa, kada kuma ya daskare. Da zarar ya daskare 'yan zaren cikinsa sun tsage ke nan, ido ba ya gani, ruwa ya fito garai-garai ɗauke da duk ƙazantar garken tumakin da ke sama.

Kwana uku ke nan tana bin wani mutum mai tanti ja. Sunansa Dorin. Ƙanwarsa ce ta faɗa mata hanyar da ya bi, a tsaye a bakin ƙofa, ba ta ce mata ta shigo ba. Tun daga nan Veturia ta bar tazarar rabin awa tsakaninsu. In ya tsaya, ta tsaya. Ba ya shiga bukkokin masu hawa dutse, ba ya gaisawa da makiyaya. Da yamma takan hango shi zaune yana cin burodi, ya juya wa hanya baya. Kullum da safe sai ta ce yau za ta cim masa ta yi magana, kullum rana ta faɗi ba ta yi ba.

Yau da ta leƙo ta bayan dutse, sai ta hango tantinsa. Matacinsa na rataye a igiyar tanti, da ɗan tsinin ƙanƙara a bakinsa. Shi kuma yana tsugune a ƙorama yana cika jakar ruwa. Ƙauye mafi kusa tafiyar yini biyu ne. Ta taɓa ganin ƙato ya kwanta a wannan hanyar da amai da gudawa, mutum huɗu suka sauko da shi.

Ta ja mayafin ulu ta rufe hanci da baki, ta gangara.

"Kada ka sha," ta ce.

Ya ɗago a firgice, kafaɗunsa suka haɗe kamar mai jiran duka. Furfura ta cinye rabin kansa, shi da bai cika arba'in ba. Ya daɗe yana kallonta.

"Matacin nan naka ya mutu, ɗan nan. A waje ya kwana."

"Sabo ne fa, Gwaggo. Makon jiya na saya."

"To sabon gawa ne. Mai kantin bai gaya maka a ƙirji ake kwana da shi ba?"

"Ya ce mini dai ba ya lalacewa."

"Mai kanti ai ko mahaifiyarsa zai ce ba ta tsufa."

Dariya ta kuɓuce masa, gajeriya, mai kaushi, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba. Ya matsa mata wuri a kan dutse.

Ta tace ruwa da nata, ta ɗora shayi da ɗan gas ɗin da ya rage mata. Ta nuna masa yadda ake matsa jaka a hankali, da yadda ake tura ruwa ta baya har laka ta fito. Ya gwada sau uku. Ya yanka cukun tumaki da albasa, ya miƙa mata rabin da ya fi girma. Ta ɗan ɗaga mayafin ta ci, tana kallon ƙorama.

"Watan jiya aka sako ni daga gidan yari," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya. Na faɗa ne, ko za ki so ki tashi."

Ba ta tashi ba. Ta ƙara masa shayi.

"Mahaifiyata ta rasu a shekara ta shida. Matata ta jira shekara huɗu, sannan ta tafi. Na zo nan ne don in yi yini guda ba wani gandiroba da ya ƙirga ni."

Gajimare ya fara saukowa kan doron dutsen. Veturia ta busar da matacinta, ta sa shi cikin safar, ta ɗora masa a cinya tare da sirinjin. Ta san ba mataci ba gas, tafiyarta ta ƙare, sai gangara.

"Ke fa?"

"Na san wani marmaro a ƙasa."

Babu wani marmaro. Ta goya jakarta. Ta buɗe baki za ta faɗi maganar da ta yi kwana uku tana ɗauke da ita, abin da ya fito kawai shi ne, "Kada ka bar shi ya yi sanyi."

Ta yi taku kamar ashirin, ta ji ya kira ta da sunan da ba ta faɗa masa ba. Ta waiwayo. Yana tsaye, ya tura matacin cikin rigarsa, yana jan zif har wuya.

"Na gode da shayi, Gwaggo Veturia. Ki sauka a hankali, akwai santsi. Mayafin nan ma ki cire, ba ya ɓoye murya. Da ita kika rantse wa alƙali cewa ni kika gani a bakin gada ranar da aka yi laifin nan, ni da ban taɓa taka wurin ba."